Rubutun Ƙusa a Get ɗin Ciyaman

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai walda ne. A lokacin da nake ba da labari, rumfarsa tana bakin titi, jingine da katangar ofishin jam'iyya: 'yan fallayen kwano a kan turakun ƙarfe, injin walda mai gurnani, benci guda, da tarin guntayen ƙarfe da ba ya yarda a zubar. Da na dawo daga karatu a ƙasar waje ban sami aiki da wuri ba, sai na sauka a gidansa, kuma a kan bencin nan nake yini. Shi ya sa mini suna Bature, ya kuma hana ni taɓa komai in ban da tef ɗin awo.

Filin rumfar ba nasa ba ne. Ciyaman ɗin jam'iyya na yankinmu ne ya ce ya kafa, tun ina ƙarami, kuma babu takarda a tsakaninsu. "Bakin Ciyaman ne takardata," in ji Kawu. Yakan faɗa da dariya, amma sai ya waiga tukuna.

Ban da walda, Kawu daliget ne. Duk lokacin da jam'iyya za ta fid da wanda zai tsaya mata takarar shugaban ƙasa, kowane yanki yakan tura wakilai zuwa babban taro, su ne ke jefa ƙuri'a. Kawu bai taɓa fita daga cikinsu ba. Da farko na ɗauka don mutuncinsa ne. Inna, matarsa, ita ta warware mini wata rana tana shanya wanki.

"Wane mutunci? Don bai iya rubutu ba ne, Bature. Kai ma dai da tambaya."

Ga yadda abin yake. A wurin taro, farar takarda ake miƙa wa kowane daliget, ya rubuta sunan wanda yake so, ya jefa a akwati. Wanda bai iya rubutu ba, doka ta yarda a taimake shi. Mai taimakon mutanenmu kuwa Sakatare ne, na hannun daman Ciyaman, wani mai tattausar murya da biro ba ya rabuwa da aljihun rigarsa. Saboda haka in Ciyaman zai zaɓi daliget, waɗanda ba su iya rubutu ba yake tsincewa. Kawu ya san lambobi sarai, da alli yake zana awonsa a jikin ƙarfe, amma haruffa a wurinsa zane ne kawai. In layi ya zo kansa, Sakatare ya miƙo hannu ya ce, "Kawo nan, Baba, kada ka wahala." Shi ke nan, an yi zaɓe.

Abin da ke samun wanda ya kauce, Kawu ya gani da idonsa. Akwai wani mai faci da rumfarsa ke maƙwabtaka da tasa, shi ma daliget. A wani zaɓe da ya wuce an gan shi yana shan shayi da mutanen wani ɗan takara da Ciyaman ba ya yi. Ba wanda ya yi masa faɗa. Wata safiya dai ya zo ya tarar an kwance kwanonsa an jingine a bakin kwata, ana sauke bulo a wurin. In Kawu zai ba da labarin nan sai ya rage murya, ko da mu biyu ne a ɗaki.

A shekarar da na dawo, mutum uku ke neman tikitin. Na farko attajiri ne da ake kira Mai Jirgi. Shi ne Ciyaman da manyansa suke yi, hotonsa kuwa har a turakun rumfar Kawu an manna. Na biyu tsohon minista ne, shi ma da nasa mutanen. Na uku tsohon shugaban makaranta ne da ya taɓa shiga majalisa sau ɗaya ya fito ba ko gida. Hedimasta ake ce masa, kuma ba don girmamawa ba. Masu barkwanci a rediyo suna cewa in ya ci zaɓe, kowace safiya sai ministoci sun yi layi an duba musu farce. Ba shi da hoto a titi, bai taɓa tara jama'a a fili ba. An ce da wata tsohuwar bas yake yawo, shi da tsofaffin malamai da suka yi ritaya, kuma ba wanda ya san abin da suke yi.

Mun sani ne wata safiya, lokacin da wani dattijo siriri ya tsaya a bakin rumfa riƙe da kujerar ƙarfe da ƙafarta ɗaya ta cire. Kawu ya ɗaga baƙin tabarau, ya dubi kujerar, ya dubi fuskar, sai na ga hannunsa ya tsaya cak.

"Ranka ya daɗe," ya ce a hankali, "nan ba wurin tsayawarka ba ne. Ka ga katangar nan?"

"Na gan ta," in ji Hedimasta. "Kujera na kawo gyara. Wanda ya leƙo zai ga tsoho da kujera. Kunna injinka mu yi magana a cikin ƙara."

Daga baya na ji cewa bayan bas ɗin nan cike yake da kayan da suka lalace: kujeru don masu walda, tayoyi don masu faci, yagaggun riguna don teloli. Kowane daliget da irin abin da ake kai masa.

Kawu ya kunna inji. Hedimasta ya tsuguna kusa da shi kamar mai nuna inda ya karye.

"A taron da ya wuce, wa ka zaɓa?"

Kawu ya faɗi suna.

"Kai ka rubuta?"

"Sakatare ya taimake ni."

"Ka ga abin da ya rubuta?"

"Na gani mana."

"Ka karanta?"

Kawu ya sauke tabarau, ya ɗana wuta a ƙafar kujerar, tartsatsi ya tashi.

"Ba ƙuri'arka na zo roƙo ba," in ji Hedimasta. "Malami zan turo maka. Zai koya maka sunanka, da sunayenmu mu uku. Ran taro ka rubuta wanda ka ga dama, ko da Mai Jirgi ne. Kai dai ka rubuta da hannunka."

"In na rubuta Mai Jirgi, kai me ka samu?"

"Ba komai. Amma na lura in mutum ya riƙe biro da kansa, yakan ɗan tsaya kafin ya sa shi a takarda. Wannan 'yar tsayawar ita ce duk abin da nake da shi."

Da ya tafi da kujerarsa, Kawu ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Bature, ba ka ga kowa ba."

"Na ga tsoho da kujera, Kawu."

"To."

Na yi zaton maganar ta mutu a nan. Amma da malamin ya zo, wani tsoho mai furfura da muke kira Malam Ritaya, Kawu bai kore shi ba. Yau ya zo da murhun ƙarfe, gobe da marfin taga. Su tsuguna a kan fallen ƙarfe da alli, duk wanda ya hango sai ya ɗauka awo ake yi, in kuwa wani ya matso, tsumma ɗaya ya share komai. Na ce wa Kawu ni ma ai zan iya koya masa a gida, ba sai an yi a gindin katangar jam'iyya ba. Ya harare ni.

"A gabana aka yanke maka cibiya. Ba zan zauna a gabanka ina kuskure ba."

Ranar da ya fara rubuta sunansa ba tare da an riƙe masa hannu ba, bai share da wuri ba. Ya tsaya a kai har sai da Malam Ritaya ya ce, "Maigida, akwai mai tahowa." Bayan nan suka shiga sunayen 'yan takara. Dukansu ya koya, amma na lura in malami ba ya nan, suna ɗaya hannunsa ke komawa kai.

Kuskuren ya faru ne ranar da alli ya ƙare. Mai walda in ba alli, ba ya tsayawa nema. Ƙusa yake ɗauka ya ja layinsa a jikin ƙarfe. Haka Kawu ya yi, ba tare da ya ko yi tunani ba. Ya sami wani falle da ke jingine a baya, ya zana sunan Hedimasta da ƙusa, manya-manya, da irin ƙarfin hannun da ya saba da guduma. Da ya sa tsumma ya ga bai goge ba, sai ya juya fallen ya fuskanci katanga, ya ce zai sa injin goge ƙarfe ya cinye shi daga baya.

A makon nan ne Ciyaman ya aiko yana son sabon get a gidansa, kuma yana so kafin manyan Mai Jirgi su zo gaisuwa. Aikin Ciyaman ba a ce masa gobe. Wuta tana zuwa tana ɗaukewa, ƙarfen da aka kawo bai isa ba, ɗan aike yana tsaye a kan Kawu safe da yamma. Da aka zo ɓangaren ƙasa falle ɗaya ya gaza. Kawu ya jawo na jikin katanga ya yanka, ya ɗora, ya bi da jan fenti mai hana tsatsa, sannan baƙi. A inuwar rumfa ba a ganin komai. Ya tuna da rubutun, ya gaya mini daga baya, amma ya ce a ransa fenti biyu ai sun isa su binne shi.

Da ni aka je kafawa. Mun gama da la'asar, Kawu yana tattara waya, sai rana ta karkato ta bugi get ɗin daga gefe. A ɓangaren ƙasa, ta cikin gida, daidai gwiwar mutum, sunan Hedimasta ya taso a ƙarƙashin fenti. Ba ya kira daga nesa, amma duk wanda ya sunkuya zai karanta shi harafi bayan harafi.

Kawu ya dafa kafaɗata.

"Bature, ana gani?"

"Ana gani, Kawu."

Ciyaman ya fito daga falo, ƙaton mutum mai tafiya a hankali. Ya tura get ɗin, ya jawo, ya ƙwanƙwasa shi da zobensa. Kawu ya matsa ya tsaya a gaban wurin, rigarsa ta rufe.

"Ranka ya daɗe, fentin bai kwanta yadda nake so ba. Da ka bari na mayar da shi rumfa na kwana biyu."

"Kai da ƙaƙale. Get ya yi. Baƙi na tafe, ka ce in bar gidana a buɗe?"

Tun daga ranar Kawu bai ƙara cin abinci da daɗi ba. Ƙarin fenti ba zai yi magani ba. Sai an goge ƙarfen da inji, inji kuwa yana da ƙara, ƙara kuma tana jawo tambaya. Ya je sau ɗaya da gwangwanin man shafa wa ƙarfe, wai zai duba sakata, maigadi ya ce Ciyaman ya hana a taɓa. In mota ta tsaya a gaban rumfa sai ya kashe inji ya miƙe. In an yi sallama a gida sai ya dubi Inna kafin ya amsa.

"Kai da ka yi shekaru ba ka rubuta komai ba," in ji Inna, "da ka tashi rubutu sai a ƙofar Ciyaman. Da ma a goshinsa ka zana, a huta."

"Ki bar wasa. Rumfar nan ita ce tukunyarki."

"Na sani," ta ce.

Abin da ya fi wuya shi ne taron daliget, domin a tsakar gidan Ciyaman ake yin sa, kuma da taro ya matso kusan kullum ne. Ni nake kai Kawu a babur, in tsaya daga gefe. A nan na lura da tsarin zaman. Masu karatu, wato Ciyaman da Sakatare da 'yan ofis, a kan kujeru suke a baranda, can nesa. Daliget kuwa a tabarma, tun daga tsakiyar gida har jikin get. Waɗanda za su iya karanta rubutun ba sa sunkuyawa, waɗanda ke zaune da shi a gefen kunne kuma an zaɓo su ne don ba za su iya ba. Na gaya wa Kawu haka don in kwantar masa da hankali.

"Sakatare fa in makullinsa ya faɗi a nan?" ya ce.

Saboda haka kullum shi ke riga kowa zuwa. Ya zauna ya manna bayansa da wurin, ba ya motsi har a tashi, ko rana ta dawo kansa. Har Ciyaman ya yaba masa a gaban jama'a, ya ce a yi koyi da mai walda wajen zuwa da wuri.

A taron ƙarshe kafin tafiya, babur ya yi mana faci a hanya. Da muka shiga, an riga an zauna. A wurin Kawu kuwa akwai Mai Kifi, shugabar mata ta yankin, wata dattijuwa mai faɗin jiki da kaifin baki, wadda rumfarta a kasuwa ita ma Ciyaman ne ya ba ta. Ba jingina ta yi ba. A karkace take zaune, fuskarta na kallon baranda, amma ɗan yatsanta yana bin ƙarfen a hankali daga wannan harafi zuwa wancan, leɓɓanta suna motsi.

Kawu ya tsaya kamar an dasa shi. Sakatare ya ɗago daga baranda.

"Baba mai walda, yau kai ne a baya? Zauna mana."

Kawu ya durƙusa kusa da ita. Ina tsaye a bayansu, ina jin numfashinsa. Kowa ya san Mai Kifi ba ta riƙe magana, kuma tana shiga wurin matan Ciyaman ba sallama.

"Maƙeri," ta ce ƙasa-ƙasa, ba ta dube shi ba, "wa ya yi get ɗin nan?"

"Hajiya, ki rufa mini asiri."

"Ni na tambaye ka asiri? Cewa na yi wa ya yi."

"Ni ne."

Ta jira har Ciyaman ya gama bayanin motar da za a shiga. Sannan ta gyara mayafinta, ta juya, ta jingina bayanta gaba ɗaya da wurin.

"Hannunka ya fi nawa," ta ce. "Ni har yanzu harafin tsakiyar nan juya mini baya yake. Tsohuwar da suka turo mini ta ƙare mini gishiri, a faranti muke rubutawa."

A hanyar gida, da muka kusa, Kawu ya taɓa kafaɗata.

"Bature, in ita ta iya, su waye kuma?"

"Ban sani ba, Kawu."

"Ni ma ban sani ba. Kowa yana tsoron kowa."

Wannan shi ne raunin dabarar Hedimasta, kuma ina jin ya san da shi. Ya koya wa kowa a ɓoye, don haka ba wanda ya san ko shi kaɗai ne. Rubutu a asirce yake, amma ƙin miƙa wa Sakatare takarda a gaban kowa ake yin sa. Dole wani ya fara.

Da safen tafiya Inna ta haɗa masa jaka. Ta riƙe hannun jakar ba ta saka ba.

"Malam, ka miƙa masa takardar nan ka dawo mana lafiya. Ka iya sunanka, ai ya isa."

"Haka zan yi," ya ce. Ina jin har ransa ya faɗa.

A can aka sauke su a otal, aka karɓe wayoyinsu, kamar yadda aka saba. Ni da Inna a talabijin muka kalli taron. Babban filin wasa ne, an jera akwatuna a tsakiya, ana kiran yanki-yanki. Da rana tsaka aka kira namu. Muka ga Sakatare tsaye a gefen tebur da bironsa, Ciyaman a bayan igiya ya harɗe hannu. Na farko ya miƙa takarda, na biyu ya miƙa. Kawu ne ke biye, Mai Kifi a bayansa. Inna ta kama wuyan hannuna. Muka ga an ba shi farar takarda, muka ga Sakatare ya miƙo hannu. Sai mai ɗaukar hoto ya juya kan Mai Jirgi yana ɗaga wa jama'a hula.

"Su dawo da shi mana," in ji Inna. Ba su dawo ba. Ta zauna a ƙasa ta zuba wa talabijin ido har aka kira yanki na gaba.

Sauran labarin daga bakin Kawu da Mai Kifi na ji shi. Sakatare ya ce, "Kawo nan, Baba, kada ka wahala." Kawu ya ce hannunsa har ya tafi, domin ya saba da hanyar. Sai ya dubi takardar, fara fes, kamar sabon falle, ya tsaya.

"Bari in gwada, Sakatare."

"Ka gwada me?"

"Rubutun."

Sakatare ya yi murmushi, ya matso. "Baba, layi ne a bayanka. Kada ka ɓata ƙuri'a."

Jami'in da ke kula da akwati, wani baƙo da bai san kowa ba, ya ce wanda ya ce zai rubuta a bar shi, ya miƙa wa Kawu biro. Kawu ya ce bai waiga ba, amma yana jin idon Ciyaman a ƙeyarsa kamar zafin wuta. Ya sunkuya ya kare takardar da hannun hagu. Ya danna biro yadda yake danna ƙusa, har takardar ta huje a harafin farko. Ya sassauta, ya ƙarasa, ya ninke, ya jefa.

Da Sakatare ya miƙa wa Mai Kifi hannu, sai ta ce, "Huta, ɗana, ka gaji. Ara mini dai biron." Bayanta tela ya yi haka, da mai gyaran agogo, da wani mahauci da ba wanda ya taɓa zato. Wasu kuma sun miƙa kamar kullum, har da waɗanda Kawu ya tabbata sun koya, domin ya ga yadda suka sunkuyar da kai.

Hedimasta bai ci ba. Amma abin da ya faru a layinmu ya faru a layuka da yawa, kuma ƙuri'un da ya samu daga jikin Mai Jirgi aka yanko su. Tsohon minista ne ya ɗauki tikiti. A motar dawowa, in ji Kawu, fuskar Ciyaman a ɗaure take har gida.

Ba a daɗe ba aka aiko kiran Kawu. Na kai shi da la'asar, lokacin da ya fi tsoro. Ciyaman yana tsaye a bakin get, ya dafa shi da hannu ɗaya, rana ta karkato, haruffan suna nan ƙasa da gwiwarsa. Kawu ya durƙusa, fuskarsa daidai da su.

"Ashe ka yi karatu, mai walda."

"Kaɗan ne, ranka ya daɗe."

"Me ka rubuta?"

"Abin da hannuna ya iya, ranka ya daɗe."

Ciyaman ya daɗe yana kallonsa. Shi ma ya rame; an ce manyansa sun kira shi sun tambaye shi inda ƙuri'unsa suka shiga.

"Jam'iyya tana buƙatar filinta," ya ce. "Ka kwance da kanka, don tsohuwar zumunta. Ba na so a jingine maka a kwata." Ya ƙwanƙwasa get ɗin da zobe. "Aikinka dai ba laifi. Shi zan rasa."

Ciyaman bai sunkuya ba.

Yanzu a ƙofar gida Kawu yake walda, a lungu, inda mota ba ta shiga. Aiki ya ragu sosai. Murhu, ƙafar gado, marfin taga, su ne yawanci. In ya kunna inji fitilun maƙwabta su yi ta ƙyaftawa, suna aiko yara da ƙorafi. Inna ta fara sayar da ƙanƙara don a cike gibi, kuma ba ta taɓa ce masa ai ta gaya masa ba, sai dai wani lokaci takan yi tsaki ita kaɗai. Mai Kifi ma an karɓe rumfarta, tana tallan kifinta a faranti, bakinta bai rage kaifi ba. An cire su duka daga daliget, an tsinto sababbi.

Get ɗin yana nan. Kawu ba ya bin titin gidan Ciyaman, ko da zagaye zai yi. Kwanan baya hadari ya haɗo, na same shi tsaye a ƙofar gida yana kallon sama.

"A cikin zanen tsatsa take fara kamawa," ya ce. "Fenti ya fi siranta a nan. In damina ta yi nisa, ja zai fito, ko daga baranda za a gani."

"To sai me?" in ji Inna daga ciki. "Me ya rage da zai karɓa?"

"Ke ba ki san shi ba."

Ya koma ya ɗauki tabarau, ya juya shi a hannu, bai sa ba.

"Bature."

"Na'am, Kawu."

"Ranar nan da ka gani, haruffan sun miƙe dai, ko?"

Na ce sun miƙe. Ya gyaɗa kai, ya waiga bakin lungu, sannan ya kunna inji.